Ido a Kan Hanya, Kunne Wajen Yaron Mota: Kyamara da Sanin Motar Gefe a Wasannin Tsere, Daga Mahangar Garin Gaya

Tsakure

Masu wasannin kwaikwayon tseren mota sun daɗe suna jayayya a kan inda ya kamata kyamara ta zauna: cikin mota a mazaunin direba, ko kan bonet, ko can bayan mota tana bin ta. Wannan takarda tana ƙoƙarin nuna cewa jayayyar ta ɗauki ma'aunin da bai dace ba. Kamar hoto da gaskiya abu ne daban, yawan labarin da direba ke samu game da motar da ke gefensa kuma abu ne daban, na biyun shi ke hana karo. An kafa hujjar a kan lissafin faɗin gani, da tarihin tseren mota na zahiri, da kuma aikin yaron mota a kan hanyar Gaya, inda direban tirela ya daɗe da sanin cewa idonsa kaɗai ba ya isar sa.

Gabatarwa

Zai yiwu wani ya tambaya me ya haɗa garin Gaya da wasan tseren mota na kwamfuta, tunda garin ba shi da filin tsere, kuma yaran da ke shiga gidajen gem ƙwallo suka fi bugawa. Amsar tana kan titi. Gaya tana bakin kogin Kwara a kudancin jihar Dosso, gada ce ta haɗa ta da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma ba nisa. Shekara da shekaru kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwan Kwatano suna biyowa ta Paraku su ratso gadar nan, su hau hanyar ƙasa mai lamba 7 zuwa Dosso, daga can sai Yamai. Masanin labarin ƙasa Olivier Walther, a littafinsa na 2008 kan fatauci a wannan yanki, ya ɗauki Gaya da Malanbil da Kamba a matsayin kasuwanni uku da ke cin abinci a kwano ɗaya. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya sun tsayar da wannan zirga-zirga, tireloli suka yi ta jiran tsammani, mutane suka koma tsallaka kogi a kwalekwale, kaya da yawa kuma suka karkata ta Lome da Burkina Faso. Amma sana'ar tuƙa doguwar mota a tsakiyar kabu-kabu da amalanke da masu talla tana nan a hannun mutanen garin, ita ce kuma ta fi kowace sana'a sanin matsalar da wannan takarda ke magana a kai, wato yadda mutum zai san abin da ke gefensa alhali ba ya ganin sa.

Abin da allo ke sacewa

A fara da lissafi, domin shi ne ba ya karɓar gardama. Idanun mutum biyu, ko bai juya kai ba, suna ɗaukar kusan digiri 200 daga hagu zuwa dama. Tsakiyar gani, inda ake karanta rubutu a tantance fuska, ba ta wuce digiri biyu ba. Sauran duk gefen ido ne, wanda ba ya iya karatu amma ba ya barin motsi ya wuce shi. To, a ɗauki allon kwamfuta mai inci 24, faɗinsa wajen santimita 53, a ajiye shi santimita 70 daga ido. Kusurwar da ya cika ba ta wuce digiri 41 da 'yan kai ba. Talabijin mai inci 32 da ake kallo daga mita ɗaya da rabi, kamar yadda ake zama a kan benci a gidan gem, digiri 27 take bayarwa. Wayar hannu a kwance, a tazarar santimita 30, ita ma kusan haka. Idan aka daidaita kyamarar cikin mota yadda girman abubuwa zai yi daidai da na zahiri, kamar yadda masu tsantsenin kwaikwayon gaskiya ke so, ɗan wasa ya zama direban da aka liƙe masa duk tagogin mota da kwali, aka bar masa 'yar kafa a gilashin gaba.

Abin da wannan ke nufi a kan hanyar tsere ya fi lambobin ban tsoro. A ce motar abokin hamayya tana mita biyu a gefen ɗan wasa. A allon da ke ba da digiri 41, wato kimanin 21 a kowane hannu, hancin waccan motar ba zai bayyana ba sai ya shiga gaban idon ɗan wasa da mita biyar da ɗoriya. Motar tsere irin ta GT kuwa tsawonta bai kai mita biyar ba. Ashe ke nan duk lokacin da motoci biyu ke kafaɗa da kafaɗa, wanda shi ne ainihin tseren, ɗan wasa ba ya ganin maƙwabciyarsa ko kaɗan; ta fita daga madubin baya, ba ta kuma shigo allo ba. Sai ya karya kan mota zai shiga kwana ya ji ƙara. Mafita ta farko da kowa ke kamawa ita ce buɗe kusurwar kyamara. Idan aka buɗe ta zuwa digiri 90, maƙwabciya za ta bayyana tun tana mita biyu a gaba, amma kuɗin da aka biya shi ne duk abin da ke tsakiyar allo ya ƙanƙance zuwa kashi 38 cikin ɗari na girmansa. Kwanar da ke kusa sai ta yi kamar tana nesa, alamar taka birki ta zama ɗigo, gudu kuma ya yi kamar ya ninka. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kimar ce aka gurɓata, idon kuma bai sani ba.

Binciken da aka yi kan idon direba ya ƙara tsananta matsalar. Michael Land da David Lee, a aikinsu da mujallar Nature ta buga a 1994, sun nuna cewa direba yana kafe idonsa a kan gefen ciki na kwana daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kafin ya shige ta, daga nan yake karanta yawan karyawar da sitiyari ke buƙata. A 2001 Land da Benjamin Tatler suka bi idon direban tsere Tomas Scheckter a filin Mallory Park na Ingila, suka ga yadda juyawar kansa ke rigan juyawar mota. Ma'ana, a daidai lokacin da haɗarin karo ya fi yawa, tsakiyar ganin direba tana da aikin da ba za ta iya bari ba. A gudun kilomita 200 cikin sa'a mota tana cin mita 55 a daƙiƙa. Leƙen madubi na rabin daƙiƙa tafiyar mita 28 ce ido rufe. Direban gaske yana barin gadin gefe ga gefen idonsa da kunnensa da jikinsa. Ɗan wasa mai allo ɗaya an ƙwace masa gefen ido, jikinsa ba ya jin komai, kunnen ma sai in yana da abin sawa a kunne mai raba hagu da dama, ba lasifikar talabijin da ke gasa da hayaniyar gidan gem ba.

Yaron mota da ɗan'uwansa na Indiyanafolis

A Nijar da Benin hannun dama ake bi, Nijeriya ma ta koma haka tun 1972, don haka direba yana zaune a hagu. Lungu mafi girma da madubi ba ya kaiwa yana damarsa, daga ƙarƙashin ƙofar fasinja zuwa tsawon bodi, nan ne kuma ɗan kabu-kabu ke son kutsawa, domin nan ne gefen titi. Tirelar da ke shirin karyawa dama sai ta fara buɗewa hagu, ɗan mashin ya ga fili ya shiga, bodin kuma ya rufo. Wanda ya tsaya a tashar manyan motoci ya ga yadda ake magance wannan. Yaron mota yana sauka ko ya leƙo rabin jiki ta taga, hannu ɗaya a ƙarfen ƙofa. In baya ake yi, ya tsaya inda direba zai gan shi a madubi, yana kira da hannu: “Zo da ita, maigida, zo, zo.” In mashin ya shigo, ya ce: “Akwai mashin a damarka, dakata.” In an kusa taɓa wani abu kuwa ba ya ɓata lokaci da magana, tafin hannu yake bugawa a jikin mota, direba ya taka birki tun kafin ya san dalili. Babu wanda ya taɓa cewa direban da ke aiki da yaron mota bai iya tuƙi ba, ko yana maguɗi. An san motar ce ta fi ƙarfin ido biyu.

Tseren mota da irin wannan yaro ya fara. A farkon ƙarni na 20 motar tsere mutum biyu take ɗauka, direba da makanike, cikin aikin makanike kuwa har da waiwaye don faɗa wa direba wanda ke tafe. A tseren Indiyanafolis na mil 500 na farko, ranar 30 ga Mayu 1911, Ray Harroun ya fito shi kaɗai a motarsa Marmon Wasp. Da aka yi ƙorafin cewa zai jawo haɗari tunda ba shi da mai duba masa baya, sai ya ɗaura madubi a gabansa, ya kuma ci tseren. Madubin mota, in an bi asalinsa a fagen tsere, yaron mota ne aka mayar gilashi. Gilashin kuma bai taɓa wadatarwa ba. A gasar NASCAR ta Amurka kowane direba yana da mai leƙe da ke tsaye a saman gini yana faɗa masa ta rediyo cewa akwai mota a ciki, akwai a waje, yanzu hanya ta buɗe, domin kwalkwali da kujera da abin tallafe wuya sun hana direban waiwaye. A tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa, a 2011, motocin Audi R18 guda biyu, ta Allan McNish da ta Mike Rockenfeller, sun yi mummunan haɗari wajen wuce motocin da ba su kai su gudu ba. A shekarar da ta biyo, Audi ta saka kyamara da ɗan allo a madadin madubin tsakiya, tunda motar ba ta da tagar baya. A 2013 motocin tseren Corvette suka fara aiki da na'urar radar da ke zana alama a kan kowace mota da ke tafe a baya, ta kuma nuna hannun da za ta bi ta wuce. Ko Formula 1 sai da ta faɗaɗa madubinta daga milimita 150 zuwa 200 a 2023.

Wasannin sun bi sawun nan, sai dai a hankali. Night Driver na Atari a 1976 daga idon direba yake nuna hanya. Pole Position na Namco a 1982 ya fitar da kyamara bayan mota, wannan salo kuma ya mamaye gidajen wasa. Virtua Racing na Sega a 1992 ya ba ɗan wasa maɓallai ya zaɓi ɗaya cikin kallo huɗu. Tun daga nan aka rabu gida biyu. Gran Turismo, wanda ya fito a 1997, har yau yana barin mutum ya zaɓa. iRacing, wanda aka buɗe a 2008, ya ɗaure kowa a mazaunin direba lokacin tsere, amma, abin lura, ya ba shi muryar mai leƙe da kuma madubin da za a iya rataya a saman allo. Masu wasa da Assetto Corsa na 2014 su da kansu suka ƙera ɗan radar mai suna Helicorsa suka liƙa, kamfanin wasan kuma ya saka irinsa a cikin Assetto Corsa Competizione; Gran Turismo Sport na 2017 ma yana da nasa. Manhajar Crew Chief tana ba wasanni da dama muryar da ke cewa mota a hagu, mota a dama. Wasan da ya fi kowanne tsanani kan kwaikwayon gaskiya, wato iRacing, shi ne bai yarda ya bar direbansa babu yaron mota ba.

Hujjar, da abin da za a ce mata

Mica Endsley, a 1995, ta kasa sanin halin da ake ciki mataki uku: a tsinkayi abu, a fahimci ma'anarsa, a hango inda zai kasance nan gaba kaɗan. Gwanintar direba tana mataki na biyu da na uku, amma ba a hawa su sai ta na farko. Allo ɗaya yana karya matakin farko ta hanyar da mota ta gaske ba ta karya shi. Saboda haka radar da muryar mai leƙe da madubin saman allo biyan bashi ne, ana mayar wa ɗan wasa abin da allo ya sace masa. Ma'aunin da ya kamata a auna kowace kyamara da kowane taimako shi ne: labarin da yake bayarwa, direban gaske yana samun irinsa daga mazauninsa ta ido ko kunne ko bakin mataimakinsa?

Masu tsantseni za su ce ai motar titi ba ta da da'ira a gilashi mai nuna motocin gefe, don haka radar ƙarya ce. Gaskiya ne ba ta da ita, amma ba ta da kwali a tagogi kuma. Wanda ya ƙi radar da sunan gaskiya alhali yana kallo ta kafar digiri 41 ya zaɓi ƙarya ɗaya ya bar ɗaya, wadda ya zaɓa kuwa ita ce mai jawo karo, kuma ba shi kaɗai ke biya ba. A tseren intanet motar gefe mutum ne, ya ɓata dare yana atisaye. Shi ya sa iRacing da Gran Turismo ke lissafa wa kowa makin ladabi suna rage shi in an yi karo. Inda maganarsu ta fi ƙarfi shi ne batun dogaro. Ɗigon radar yana faɗin wurin mota daidai wa daida, abin da gefen ido ba ya yi, kuma ɗan wasa zai iya sabawa har ya daina lissafin cewa wanda ya gani a madubi ɗazu, yanzu ya ɓace, to lalle yana gefensa. Wannan lissafi shi ne mataki na uku na Endsley, shi ne kuma abin da ya fi cancanta a koya. Don haka a nan murya ta fi radar. Radar tana janye ido daga kwana zuwa wani lungun allo a lokacin da Land da Lee suka nuna ido ba shi da sarari. Murya tana shiga ta ƙofar da ba kowa, ta ce akwai mota a dama, ta bar wa direba aikin hasashen inda take da abin da za ta yi. Ana cewa gani ya kori ji, amma a bakin kwana ganin ya riga ya ɗauki kaya, jin ne hannunsa sake.

Daga ɗaya ɓangaren kuma masu kyamarar bin baya za su ce: in dai labari ne ma'auni, ai mu muka ci, domin muna ganin motarmu da maƙwabtanta gaba ɗaya. Wannan ce suka mafi nauyi, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Ga yaron da ke riƙe da waya yana buga Asphalt ko Real Racing 3, ko wanda ya biya kuɗin minti goma a gidan gem yana buga Need for Speed da fad, wato abin dannawa na hannu, kyamarar baya ita ce mai hankali, wanda ya raina shi a kan haka bai yi lissafin da ke sama ba. Amma ma'aunin da aka gindaya yana da rabi na biyu, wato daga mazaunin direba. Kyamarar baya ta cire ido daga mota ta rataye shi a iska. Mai ita yana ganin tazarar da ke tsakanin bodinsa da na maƙwabci kai tsaye, don haka ba ya taɓa gina abin da direbobi ke kira sanin jikin mota, wato jin inda tayar dama take ba tare da an gan ta ba. Lungun da madubi ba ya kaiwa kuwa, a duniyarsa babu shi sam, ba zai ma san ana tsoron sa ba. Ga kuma aibin da ya shafi tseren kansa: motar ɗan wasa tana tsakiyar allo tana rufe masa hanyar da ke gabansa, kyamarar kuma takan yi jinkiri kaɗan wajen bin juyawar mota, don haka santsin tayar baya yana iso masa a makare. Yaron mota yana ƙara wa direba ido ne, direban yana nan a kujerarsa. Kyamarar baya kuwa ta sauke direban ta tsayar da shi inda yaron mota ke tsayawa, sannan ta ce ya yi tuƙi daga can.

Wannan ba ya nufin kallon sama ba shi da amfani, wurinsa ne daban. Donald Fisher da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst sun ƙera wani shirin horar da sababbin direbobi kan hango haɗari, wanda ya yi amfani da zanen hanya daga sama don nuna wa mai koyo inda babbar mota ko shinge ke ɓoye masa mai tafiya a ƙasa, daga baya aka ga waɗanda suka yi horon sun fi duba wuraren da ya kamata. Darasin da ke ciki shi ne a yi tuƙi daga ciki, a yi bita daga sama. Kusan duk wasannin kwaikwayo suna da maimaicin tsere, mutum ya koma ya kalli karon da ya yi daga kowace kusurwa, ya ga motar da ta yi daƙiƙa uku a gefensa bai sani ba.

Suka ta uku ta masu hali ce: a sayi allo uku a jera, ko na'urar bin motsin kai irin TrackIR, ko tabarau na duniyar kwaikwayo, matsala ta ƙare. Allo uku suna iya kaiwa digiri 150 ko fiye, ba musu. Sai dai suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wuta mai tsayawa, a ƙasar da kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga Nijeriya yake zuwa, aka kuma yanke shi a watan Agustan shekarar na tsawon watanni. Shawarar da ba ta aiki sai da kayan da mai gidan gem a Gaya ba zai saya ba, shawara ce ga wasu mutanen daban. Abin sawa a kunne mai rahusa da murya mai cewa hagu ko dama kuwa suna cikin ikon kowa.

Suka ta ƙarshe ita ce ta ce duk wannan wasa ne, ba ruwansa da titi. A nan ya kamata a yi taka-tsantsan, domin hujjar tana yanka ta fuska biyu. Gasar GT Academy da Nissan da Sony suka fara a 2008 ta fitar da 'yan wasa irin su Lucas Ordóñez da Jann Mardenborough suka zama direbobin tsere na gaske, wanda ke nuna wani abu yana tsallakawa daga allo zuwa kwalta, ko da yake waɗannan zaɓaɓɓu ne daga dubbai, an kuma horar da su a mota kafin a sake su. A ɗaya hannun, Peter Fischer da abokan aikinsa a Jamus sun ruwaito a 2007 cewa waɗanda suka buga wasannin tsere sun fi nuna ganganci a gwajin yanayin titi da ya biyo baya, aikinsu na gaba kuma ya danganta abin da wasannin da ke ba da lada a kan karya doka. In ɗabi'ar banza tana tsallakawa, babu dalilin cewa ɗabi'ar kallo ba za ta tsallaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, nahiyar Afirka ce kuma ke da kaso mafi muni in an auna da yawan jama'a. Turai ta bi nata lungun da doka, ta wajabta ƙarin madubai a manyan motoci a 2003, ta kuma sa a ɗaura wa tsofaffin a 2007. Tirelolin da ke isowa yankinmu bayan sun gama aiki a can sukan zo da madubinsu, sai dai ba kullum ake mayar da wanda ya fashe ba.

Abin da za a iya gwadawa

Wasan da ya fi kusa da rayuwar Gaya ba na tsere ba ne, Euro Truck Simulator 2 ne, na kamfanin SCS Software da ke Firag, wanda ya fito a 2012. Yana da kallon ciki da madubai, yana da kyamarar baya da ta sama, yana kuma karɓar gyare-gyaren da masu wasa ke ƙerawa. Abin da ba shi da shi shi ne titinmu: motocinsa suna bin layi, ba mashin mai ɗauke da buhun albasa da ke kutsowa ta dama, ba amalanken rake, ba kuma yaron mota. Wannan giɓi ne da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Dosso ko Yamai ko Birnin Kebbi za su iya cikewa, gwajin kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. A gina 'yar hanya mai kama da mashigar tasha, a sa mashin yana shiga lungun dama a lokutan da ba a tsammani. A kasa masu koyon tuƙi gida huɗu: masu kallon ciki zalla, masu kallon ciki da radar, masu kallon ciki da muryar yaron mota cikin Hausa ko Dandi ko Zabarmanci, da masu kyamarar baya. Bayan horo a kashe duk wani taimako, a mayar da kowa mazaunin direba, a ƙirga sau nawa kowa ya duba madubin dama kafin ya karya, sau nawa kuma ya taka mashin. Hujjar wannan takarda tana hasashen masu kyamarar baya za su fi kowa tsabtar tuƙi a lokacin horo su kuma fi kowa karo a jarrabawa, masu murya su riƙe abin da suka koya fiye da masu radar. Idan aka ga masu kyamarar baya suna duba madubi kamar kowa, ko masu murya sun daina dubawa suna jiran a faɗa musu, to rabin hujjar ya faɗi, kuma na biyun ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san direban da yaronsa ya yi tafiya ya bar shi ya shiga tasha shi kaɗai.